Yadda Ake Zaɓen Sabulun Wanka: Juya Bayan Kwali Kafin Ki Biya

Hunturun bara ƙanwata ta zo gida da wani sabulu a cikin 'yar roba mai murfi, kore shar, ƙamshinsa ya riga ta shigowa ɗaki. A wajen wata mai gyaran jiki ta saya, an tabbatar mata na gargajiya ne zalla, babu kemikal ko ɗigo. Kwana huɗu ta yi tana wanka da shi. A na biyar kumatunta sun yi jajir, gefen hancinta yana saɓa kamar ɓawon albasa, in ruwan alwala ya taɓa wurin sai ta runtse ido. Na ce, "Ke, me aka sa a ciki?" Ta ce zuma ce da kurkur da madara. Na ce, "Wannan ai kayan haɗi ne. Shi sabulun kansa da me aka yi shi?" Ta yi shiru. Muka kira mai sayarwar a waya, ita ma shirun ta yi, sai can ta ce, "Wallahi Anti, ni ma sarowa nake yi."

Tambayar nan nake so ta zauna miki a baki duk lokacin da kika tsaya gaban mai sabulu, ko a kanti, ko a Sabon Gari, ko a wajen maƙwabciya mai sana'ar hannu. In kuma maigida ne yake yo sayayyar wata, a miƙa masa wayar ya karanta.

Fara da sanin abin da ake kira sabulu

Abu biyu ne kawai ke yin sabulu: mai ko kitse, da wani abu mai kaifi da zai cinye man. A masana'anta da wajen masu sana'ar zamani, abin nan mai kaifi soda ce, wadda ake rubutawa sodium hydroxide. A wajen iyayenmu kuwa ruwan toka ne. Ina yarinya na sha zama kusa da Goggo tana dafa sabulun salo. Takan cika tukunya mai huji a gindi da toka, ta zuba ruwa a kai, ya riƙa ɗiga cikin kwano, launinsa kamar shayin da ya kwana. Ranar da na tsoma yatsa na ji yana santsi, na ce, "Goggo, ai har ya zama sabulu." Ta make mini hannu ta ce, "Maza ki wanke, fatarki yake ci." Gaskiyarta. Santsin nan maiƙon fatar yatsana ne ruwan tokar ya fara narkarwa.

Idan mai da soda suka haɗu daidai gwargwado, kowannensu yakan rasa halinsa. Man ya daina maiƙo, soda ta daina cin hannu, sai sabulu ya fito tare da wani ruwa mai danƙo da ake kira gilisarin, wanda yake riƙe laima a fata. Saboda haka duk wanda ya ce miki sabulunsa bai ga soda ko toka ba, to ko dai bai san sana'arsa ba, ko kuma ya sayo sabulun da wani ya gama ne ya narka ya zuba a mazubinsa. Shigar soda ba laifi ba ce. Laifin shi ne ta yi yawa ta rage a ciki.

Kuma yin yawan nata ba wuya. Kowane mai da adadin sodar da yake ci. Kilo ɗaya na man kaɗe yana cin wajen giram 128, na man zaitun wajen 135, na manja 140 da 'yan kai, amma kilo ɗaya na man kwakwa sai ya ci sama da 180. Ki ga mai awo da gwangwanin madara, wadda jiya ta yi da man kwakwa yau ta samu man kaɗe da araha ta canja, ba ta rage soda ba. Sabulun zai daskare, zai yi kyan gani, ya kuma ci fata. Masu sana'ar da suka ƙware da sikeli suke awo, kuma da gangan sukan rage soda kaɗan don wajen kashi 5 cikin 100 na man ya tsira bai zama sabulu ba. Ragowar nan ce take sa ki fito daga wanka jikinki bai yi fari fat ba.

Kalmomin da ake bugawa da manyan baƙaƙe a gaban kwali, su natural da organic da herbal, ki ɗauke su kirari. Ko a Amurka, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ba ta yanke wa kalmar natural wata ma'ana a doka ba game da kayan kwalliya. Hoton ganye kuwa kowa na iya bugawa.

Sai ki dubi jikinki, da ruwanku, da lokacin shekara

Kafin ki fita, yi wannan ɗan gwaji. Wanke fuska da sabulun da kike amfani da shi yanzu, ki goge, kada ki shafa komai, ki jira rabin awa. In kin ji fatar ta ɗaure kamar an ja ganga, murmushi ma da ƙyar, to busasshiyar fata gare ki ko sabulun ya fi ƙarfinki. In goshi da hanci sun fara ƙyalli, mai maiƙo ce. Da yawanmu haɗe muke, goshi maiƙo, kumatu bushewa.

Lokaci ma yana da ta cewa. Sabulun da ya yi miki daidai a bazara, kina zufa tun asuba, shi ne zai fasa miki dunduniya a watan Janairu. Ni biyu nake ajiyewa, na zafi daban, na hunturu daban, kuma ban ga ɓarna a ciki ba tunda ɗaya bayan ɗaya ake kashe su.

Sannan ruwa. A unguwannin da rijiya ko burtsatse ke ba da ruwa mai zartsi, sabulun gaske ba ya kumfa sosai, sai ya bar wani farin dauɗa a bakin bokiti. Gishirin ƙasa da ke cikin ruwan ne yake kama sabulun. Mata da yawa sun zubar da sabulu mai kyau suna zaginsa, alhali ruwan ne. Gwada shi da ruwan leda ɗaya a kwano. In ya yi kumfa, kin gane mai laifi.

Juya kwalin

Nan aikin yake. Nemi wurin da aka rubuta Ingredients, ko Ingrédients a kayan Nijar da Kamaru da Chadi. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, ki ɗauki hotonsa da waya ki buɗe shi. Ƙa'idar jerin ita ce abin da ya fi yawa shi ke gaba, a yi ta sauka, har a zo kan abubuwan da ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, su kam ana iya jera su yadda aka ga dama. To in kwali ya ce sabulun zuma ne, kika ga zumar, wato mel ko honey, ta zo can bayan turare da kala, ki san ɗigo aka yi mata don a samu abin rubutawa. Sunaye uku ko huɗun farko su ne sabulun. Sauran ado ne.

Sunayen suna da ban tsoro a ido, amma dabararsu ɗaya ce. Kalmar sodium a gaba tana nufin soda ta riga ta ci man, kalma ta biyu kuma tana gaya miki wane mai ne. Sodium palmate manja ne. Sodium palm kernelate man alayyadi ne, na ƙwallon kwakwar manja. Sodium cocoate man kwakwa, sodium olivate man zaitun, sodium shea butterate man kaɗe. Sodium tallowate kitsen dabba ne, galibi na shanu. In kika ga potassium a madadin sodium, irin kaifin toka aka yi amfani da shi, sabulun zai fi laushi.

Wanda ya kamata Musulma ta haddace shi ne sodium lardate, ko lard, ko adeps suillus, a Faransanci kuma saindoux. Kitsen alade ke nan. Ba kasafai ake cin karo da shi a manyan sabulan kasuwarmu ba, an fi samunsa a na hannu da ake yi a Turai da Amurka, irin wanda ake kawowa tsaraba. Malamai sun yi saɓani a kan najasar da ta rikiɗe ta zama wani abu daban, wannan kuma fagensu ne, ki tambayi malaminki. Ni dai tunda ga na manja da na kaɗe birjik, ban ga abin da zai kai ni ba.

Wasu masu sana'ar sukan rubuta kayan yadda suka zuba su: mai iri kaza, mai iri kaza, ruwa, sodium hydroxide. Kada ganin sunan soda ya kore ki. Wannan ma ta fi gaskiya. Aqua ruwa ne. Sodium chloride gishirin miya ne, yana taurara sabulu. Butyrospermum parkii man kaɗe ne da aka ƙara ɗanye, Azadirachta indica darbejiya, Nigella sativa habbatus sauda, Curcuma longa kurkur, Aloe barbadensis kuma alobera. Tetrasodium EDTA da etidronate ana sa su kaɗan don hana sabulu lalacewa da taimaka masa a ruwa mai zartsi. Titanium dioxide, mai lamba CI 77891, shi ke sa shi fari tas. Duk CI mai lamba a gaba kala ce. Waɗannan ba na gona ba ne, amma ba su ne abin tsoro ba.

Abin da ya fi yawan tayar wa mutane da ƙaiƙayi shi ne wanda suka fi so, wato ƙamshi. Parfum ko fragrance kalma ɗaya ce, amma tana iya ƙunsar sinadarai da dama da ba a lissafa ba. Kuma kada a ce ai wannan man ganye ne aka tatso, ba ya cutarwa. Man kanumfari da na kirfa da na ɓawon lemo duk daga tsiro suke, duk kuma suna iya ƙona fata mai laushi. In kina da saurin borin jini ko kyasbi, ko jariri za a yi wa wanka, nemi wanda aka rubuta fragrance free. Wanda aka rubuta unscented wani lokaci akwai ɗan turaren da aka sa don ya danne warin mai. Maniyyata aikin Hajji da Umara su ma su lura da wannan bambancin lokacin haɗa jakar harami.

A kan sabulan Indiya za ki ga TFM da lamba a gefe. Yawan man da ke cikin sabulun ke nan. A ƙa'idarsu, mai daraja ta ɗaya ba ya gaza kashi 76 cikin 100, ta biyu 70, ta uku 60. Duk abin da lambar ta ragu, ruwa da garin cike gurbi ne suka ƙaru. Haka 72% da ake bugawa a jikin sabulun Marsel na Faransa, yawan man yake nufi.

Daga nan duba lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, da ranar yi da ranar lalacewa, da sunan kamfani da adireshinsa. Lambar ba ta ce sabulun zai karɓe ki ba, kuma 'yan jabu ma suna bugawa. Sai dai kwalin da aka buga shi da launi bakwai amma babu adireshi, babu jerin kayan haɗi, mai shi ya san abin da yake ɓoyewa.

Akwai kuma wani iri da yake zaune cikin sabulai alhali shi ba sabulu ba ne ta fuskar haɗi. Za ki gane shi da sodium lauroyl isethionate ko sodium cocoyl isethionate a farkon jeri, kuma a kwalin akan rubuta beauty bar ko cleansing bar. Dove, wanda ya fito a Amurka a 1957, shi ne sanannensu. A nan zan faɗi abin da masu tallan gargajiya ba sa so. Akwai ma'aunin tsami da kaifi da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Fatar mutum tana wajen 5, sabulun gaske kuwa, komai kyansa, yana tsakanin 9 da 10. Lafiyayyar fata takan koma daidai bayan 'yan awoyi, shi ya sa yawancinmu ba ma jin komai. Amma mai kyasbi, da tsohuwa mai siririyar fata, da jinjiri, sau da yawa wancan na masana'antar ya fi musu sauƙi, domin kaifinsa bai kai haka ba. In likitan fata ya ce ki koma kansa, kada son na gargajiya ya hana ki.

Halin kowane mai

Man kwakwa da alayyadi su ne sarakan kumfa. Suna wanke dauɗa ƙal, suna kumfa ko a ruwa mai zartsi, amma suna kwashe maiƙon fata har da wanda take buƙata. In ɗayansu ne na farko a jeri, sabulun na mai aikin ƙarfi ne, na makaniki da mai dawowa daga gona, ko na bazara. Masu sana'a da yawa ba sa barin su wuce kashi 30 cikin 100 a sabulun wanka.

Manja da kitse suna ba da tauri da daɗewa. Sabulan masana'anta da yawa daga wani ɓarzajjen sabulu ake yin su, wanda ake shigowa da shi buhu-buhu daga Malesiya da Indunusiya, yawanci kashi 80 manja, 20 alayyadi. A zuba turare da kala, a matse a inji, a sa suna. Shi ya sa in kika jera kwali biyar masu farashi daban-daban za ki tarar layin farko iri ɗaya ne. Bambancin kuɗin na turare ne da talla.

Man kaɗe da man zaitun ba su da kumfar a-zo-a-gani. Tasu ƙanana ce mai kauri kamar kindirmo, ta zaitun har da ɗan yauƙi. Su ne na hunturu. Sabulun Halab na Siriya, wanda ake yi da man zaitun da man wani itace da Larabawa ke kira gar, a shanya shi watanni, bayansa ruwan ƙasa, in an yanka cikinsa kore, yana cikin wannan layi, haka na Nablus a Falasɗinu. Sai dai ba sai mun je Sham ba. Kaɗanya a dajinmu take, daga Neja da Kwara da Kebbi har Barkina Faso da arewacin Gana. Abin takaici shi ne a kwashi ƙwallon a kai Turai, a dawo mana da shi cikin kwali da sunan Latin, mu saya da tsada muna murna.

Mu dai mun saba auna sabulu da kumfa. Kumfa ba ita ke wanki ba.

Waɗanda za ki ajiye ba tare da ciniki ba

Duk sabulun da ya yi miki alkawarin fari cikin kwana bakwai, akwai abin da aka sa masa, kuma ba kurkur ba ne. Uku ne suka fi yawo. Na farko makuri, wato zaiba, wanda za ki gani da sunan mercury, mercuric iodide, calomel ko mercure, in ma an rubuta. Yana ratsa fata ya taɓa ƙoda da jijiyoyi, yana isa ga ɗan tayi, yana shiga nono. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda aka sa wa sunan garin Japan da gubar makuri ta nakasa mutanensa, ta taƙaita shi a kayan shafa, a 2023 kuma ƙasashen suka amince a hana shi ɗungurungum daga 2025. Na biyu hydroquinone, wanda in an daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu, tabon da ba ya jin magani. Na uku magungunan shafawa na tub irin su clobetasol da betamethasone, waɗanda likita ke rubutawa na 'yan kwanaki, amma masu haɗi suke matse su cikin turmi. Su ne ke sirantar da fata har koren jijiya ya bayyana, nankarwa ta fito a inda ba ciki ba ƙiba, ciwo ya ƙi warkewa. Kin san alamar, fuska ja, gaɓoɓin yatsu baƙi. A 2023 NAFDAC ta ce matsalar bilicin ta kai matakin ta-ɓaci a ƙasar nan. Garin neman gira ake rasa ido.

Sai sabulun da ake kira na magani, mai kashe ƙwayoyin cuta. In kika ga triclosan ko triclocarban, ki sani a 2016 hukumar FDA ta hana su tare da wasu sinadarai, 19 gaba ɗaya, a sabulan wanka na gida, saboda kamfanonin sun kasa nuna cewa sun fi sabulu da ruwa amfani. Ƙazuwa da makero magani suke so daga asibiti. Wanka da sabulu mai warin asibiti kullum ba ya korar su, sai ƙarin bushewa.

In babu kwali fa?

Yawancin sabulun da muke kira na gargajiya a tsirara yake zuwa, a ganye ko leda ko roba. A nan baki da ido da hanci su ne takardarki.

Fara da baki. Ki gaisa, ki ce, "Hajiya, ke kike dafawa ko sarowa kike yi?" In ita ke yi, "Da wane mai? Soda ce ko toka? Da sikeli kike awo? Yaushe aka yi wannan?" Mai sana'ar gaske daɗin tambayar take ji, har ta fi ki zuba. Wadda ta ce sirri ne, ki ce Allah ya ba da kasuwa, ki wuce. Ba a cinikin biri a sama. Tambayar kwanan wata tana da muhimmanci, domin sabulun soda da aka haɗa ba dafawa yana son sati huɗu zuwa shida a inuwa yana shan iska kafin ya nuna. Ɗanye yana da zafi, kuma yana narkewa kamar alewa.

Sai ido. Sabulun salo na gaske, da ɗan'uwansa na Yarabawa da suke kira ose dudu, da na Gana da ake kira alata samina, waɗanda ake yi da tokar ɓawon koko da na agada, ba baƙi wuluk ba ne. Ruwan ƙasa ne, wani wuri duhu wani wuri haske, jikinsa gutsi-gutsi, yana lotsawa in an danna. In kika ga baƙi sumul mai sheƙi kamar kwalta, an sa kala ko gawayi. Gutsira kaɗan ki murza tsakanin yatsu da ɗan ruwa. In kin ji tsakuwa-tsakuwa, ba a tace tokar da kyau ba, kada ki goga curin a fuska kai tsaye, ki murza kumfar a tafin hannu tukuna.

A sabulun yanka, farin ƙura-ƙura a saman da ke gogewa da yatsa ba komai ba ne, iska ce ta taɓa shi yana sabo. Amma in yana marmashewa kamar alli, ko an yanka an ga 'yan ramuka masu ruwa ko farin ƙyalli a ciki, soda ce ta rage. Wannan ko kyauta ne kada ya taɓa jikinki, a kai shi wajen wankin tsumma. Ɗigon ruwan lemo-lemo a jiki tare da warin tsohon man gyaɗa yana nufin man ya ɓaci. Raɓar da yake yi da damina kuwa gilisarin ne yake jawo laimar iska, alama ce mai kyau ma.

Za ki ji wasu masu sana'a suna ɗanɗana sabulu da harshe don su ji ko soda ta rage. Kada ki kwaikwaya. In kina saye da yawa don sayarwa, nemi takardar gwajin pH a shagon kayan ɗakin gwaje-gwaje, ki jiƙa sabulun ki manna. Tsakanin 9 da 10 daidai ne. Daga 11 zuwa sama, mayar mata da kayanta.

Kada kuma araha ta ja ki ga sabulun wanki. Sandar nan da ake yankawa don wanke kaya da kwanuka an yi ta da kaifi da gangan. Na san gidaje da yawa ita ce ta wanki ita ce ta wanka, kuma na san dalili, amma in da hali ko ɗan curin salo ne a ware wa yara.

Gwaji kafin wanka

Guda ɗaya za ki saya, ko da an ce dozin ya fi sauƙi. Da daddare ki yi kumfa, ki shafa a cikin lanƙwasar gwiwar hannu, ki bar shi minti ɗaya, ki ɗauraye. Maimaita washegari. In bayan kwana biyu babu ja, babu ƙaiƙayi, babu ƙananan ƙuraje, yi wanka da shi amma ban da fuska. Bayan kwana uku sai fuskar. A wannan satin kada ki canja man shafawa ko hoda, don in wani abu ya fito ki san mai shi.

In ya yi zafi ko raɗaɗi, ki daina a take. Maganar nan ta "yana aiki ne, dauɗar ce ke fita, ki daure" ita ta kai ƙanwata kwana huɗu. Fata ba ta saɓa don murna. In wurin ya kumbura ko ya yi ruwa, a je asibiti da ragowar sabulun a hannu.

Masu son haɗi a gida, ban hana ku daka salo da zuma da ɗan man kaɗe ba, ni ma ina yi. Abu biyu dai. Ruwan lemon tsami da ake matsawa a ciki yana karya sabulun ne, tsami da kaifi ba sa zama tare, sai haɗin ya saki ya koma maiƙo, ga shi lemon tsami a fata in rana ta buga yana iya barin tabo. Sannan duk abin da yake ɗanye, madara ko ƙwai ko ruwan tumatir, kwana kaɗan yake yi ya fara ruɓa a cikin roba, ko da turare ya rufe warin. Haɗa na sati ɗaya, ki ɗiba da cokali busasshe.

Ajiya

Sabulun hannu yana da gilisarin da yawa, don haka in ya kwana cikin ruwa da safe kunu za ki tarar. Samo mazubi mai huji a ƙasa, ko ki ɗora shi a kan busasshen soso, nesa da inda ruwan wanka ke fantsama. Babban sinƙi a raba shi uku da wuƙa, a shiga da ɗaya, sauran a naɗe su a takarda, ban da leda, a sa cikin akwatin kaya. Suna ƙara tauri a can, tufafi kuma su ɗauki ƙamshi. Salo kuwa akasin haka yake so, a rufe shi ruf a roba, a riƙa gutsirar na kwana biyu-uku.

'Yan guntayen da suka sirance kada a zubar. Jiƙa sabon da tsohon, ki manna su, ki bar su su kwana, da safe sun zama ɗaya. Goggo kuwa cikin tsohuwar safa take tara nata, ta ƙulle bakin, ta rataye a ƙusa kusa da buta, duk wanda ya fito daga bayan gida ya murza ya wanke hannu.